Koyon zane a Kano: malami sau ɗaya a sati, sauran kwanakin kai da fensirinka

Tambayar da aka fi yi min a kan zane ita ce wai a ina ake koya, akwai makaranta ne ko sai mutum ya tafi Zariya. Makarantu kam akwai, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke can ma ya daɗe da yin suna a faɗin ƙasar nan, amma ba kowa ne zai samu adimishan ba, ba kuma kowa ne ke neman digiri ba. Wani tela ne yana so ya iya zana sitayil kafin ya sa almakashi a yadin mutane, wata lalle take yi tana so hannunta ya zauna, wani kuma sha'awa ce kawai tun yana firamare yake cika bayan littafin lissafi da zanen mota. Irin waɗannan nake wa wannan bayanin.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce a haɗa biyu. Ka samu mutum ɗaya da ya fi ka iyawa yana duba maka aiki sau ɗaya a sati, sauran kwana shida kuma kai kaɗai zaka zauna ka yi ta fama. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin nan, malam zai biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa har ya zauna, ka dawo ya saurara ya gyara maka inda harshe ya karkace, sannan ya ce je ka wanke. Malam ba ya yi maka hadda. To haka zane yake, abin da kake biya a wajen malami gyara ne, don idonka bai kai ya ga kuskurenka ba tukuna, amma awannin da hannu ke buƙata ba mai yi maka su.

Kafin mu shiga, maganar zanen mai rai. A garin nan ba yadda za a yi ka ce zaka koyi zane wani a gida bai tayar da ita ba, kuma tambaya ce ta gaskiya ba ta raini ba, akwai hadisai a kai, malamai sun yi bayani, wasu sun tsananta, wasu sun bambance tsakanin mutum-mutumi mai jiki da abin da aka zana a takarda. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa ka tsaya a kan abin da zuciyarka ta natsu da shi. Abin da zan ce kawai shi ne kusan duk abin da ke cikin wannan jagorar zaka iya yin sa ba tare da ka zana ko ƙuda ba. Gini, bishiya, buta, mota, zayyana, adon riga, duk ilimin ɗaya ne.

Mataki na farko, kayan aiki, kuma kar ka ɓata kuɗi

Fensir uku sun ishe ka: HB, 2B da 6B. Bakin fensir haɗin garin girafayit ne da yumɓu, idan yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri ya yi haske, su ne masu H, idan girafayit ɗin ya fi yawa sai ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu B, kuma lambar na hawa abin na ƙaruwa. HB na fara zane, 2B na yawancin aiki, 6B na wurin da ya yi duhu sosai. Sai kilina fara mai laushi, ba irin jar nan mai cin takarda ba, da reza ko ƙaramar wuƙar yankan kwali don fiƙe fensir, ta fi shafna saboda zaka iya fito da bakin ya yi tsawo ka kwantar da shi ka yi inuwa da gefensa. Takarda kuwa ka sayi rim ɗaya na A4 irin ta fotokofi, 80 giram, guda 500 ce a ciki, ko ku haɗa kuɗi da wani ku raba. Duk wannan zaka samu wajen masu saida kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari ko shagunan littattafai na bakin makarantu. Ka je wajen kafinta ya yanko maka filawud da ya ɗan fi takardar girma, ka sa kilif biyu, ka samu allon zane kenan.

Dalilin da ya sa na ce takardar fotokofi ba tsadadden littafin zane ba, mutum idan ya sayi littafi mai tsada tsoron ɓata shi yake, sai ya shekara shafi uku kawai ya zana. Kai kuwa so ake ka ɓata takarda da yawa. Saitin kala mai fensir 72 ɗin nan da ake tallatawa a Instagram ka bar shi tukuna, wanda bai iya baƙi da fari ba kala ba za ta rufa masa asiri ba.

Mataki na biyu, sakin hannu

Riƙon rubutu daban, riƙon zane daban. A rubutu yatsu ne ke motsi, shi ya sa layin sabon shiga yake fitowa guntu-guntu yana karkarwa. Ka riƙe fensir daga can baya, ka ɗaga gwiwar hannu daga kan tebur, motsin ya taho daga kafaɗa. Sa ɗigo biyu a takarda, nesa da juna, ka yi ta kai hannu da komowa a iska tsakaninsu sau biyu sau uku ba tare da ka taɓa takardar ba, sannan ka ja layin lokaci ɗaya. Ya kauce? Bar shi, kar ka bi shi da gyara, ja wani. Cika shafi da wannan, sai shafi na da'ira, sai shafi na da'irar da aka kalla ta gefe wato irin yadda bakin kofi yake zama kamar ƙwai idan yana kan tebur a gabanka. Minti goma kullum kafin ka fara komai. Abin gundura ne wallahi, ba zan ɓoye maka ba, amma bayan sati biyu da kanka zaka ji bambanci a hannunka.

Mataki na uku, awo, nan ne aikin yake

An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, gaskiya ne, sai dai idon sabon mai zane ƙarya yake masa. Ka ajiye wa mutum kofi ka ce ya zana, zai yi bakin zagayayye sosai ya yi gindin a miƙe ɗoɗar, alhali abin da ke gabansa bakin a matse yake gindin kuma a lanƙwashe. Ba abin da yake gani ya zana ba, abin da ya sani game da kofi ya zana, ya san bakin kofi da'ira ne ya san gindinsa na zaune a kan tebur. Rabin koyon zane shi ne ka daina yarda da abin da ka sani ka koma aunawa.

Ga yadda ake yi. Ɗauko butar alwala ka ajiye a kan tebur kamar taku uku daga inda kake zaune. Miƙe hannunka gaba ɗaya, gwiwar hannu a miƙe, fensir a tsaye, rufe ido ɗaya. Daidaita kan fensirin da saman butar, ka zame babban yatsanka a jikin fensirin har ya zo daidai gindinta. Tsawon butar kenan. Yanzu kwantar da fensirin ba tare da ka motsa yatsan ba ka ga faɗin butar, daga hanci zuwa mariƙi, ya kai wannan tsawon ko ya gaza ko ya wuce. Idan ka ga faɗin kashi uku cikin huɗu ne na tsawon, to a takarda ma haka zai zama, ko zanen ƙarami ne ko babba. Ka fara zana akwatin da butar za ta shiga ciki da layi marar nauyi, sannan ka nemi inda wuya ya fara, a rabi ne ko sama da rabi, inda hancin ya fito, inda mariƙin ya kama. Duk da awo. Sharaɗin kawai kar ka lanƙwasa hannu kuma kar ka canja wurin zama, idan ka matsa ko ka karkata kai duk awon ya rushe.

Haka ma karkata. Hancin buta ba a tsaye yake ba ba a kwance ba, to karkatar da fensirin a iska har ya yi daidai da shi, ka sauko da hannun a haka ka ɗora a takarda ka ga ko layinka ya bi. Sai kuma wata dabara da nake so sosai, ka bar kallon butar ka kalli ramin da ke tsakanin mariƙi da jikinta, wannan fili na iska yana da siffa, kuma tunda ƙwaƙwalwarka ba ta da wani suna da ta ajiye masa ba za ta yi maka ƙarya a kansa ba. Zana ramin daidai, mariƙin zai fito da kansa.

Daga babba ake farawa a gangaro kan ƙarami. Wanda ya fara da adon jikin butar kafin ya tabbatar da tsawo da faɗi zai yi awa biyu yana ƙawata abin da tun asali a karkace yake, kuma zai ji ciwon gogewa, sai ya bar shi a haka. Idan ka gama ka kai zanen gaban madubi ka kalle shi a ciki, ko ka ɗauka a waya ka juya hoton hagu ya koma dama, karkacewar da idonka ya saba da ita nan take za ta fito fili.

Mataki na huɗu, komai akwati ne ko gwangwani ko ƙwallo

Wannan ba zan ja shi ba. Duk abin da zaka zana ana iya rushe shi zuwa siffofi kaɗan: akwati, gwangwani, ƙwallo, mazurari. Tulu ƙwallo ne da ɗan gwangwani a kai. Turmi gwangwani ne da aka matse ƙugunsa. Adaidaita sahu akwati ne da aka sassaƙe gabansa aka sa masa ƙafa uku. Ka ɗauki kwalin ashana ko na shayi ka zana shi ta kowace fuska, daga sama, daga ƙasa, a karkace, kuma ka zana har gefunan da ba ka gani kamar kwalin na gilashi ne. Akwai wani shafin koyon zane na kyauta a intanet, Drawabox, da ke sa ɗalibai su zana akwati 250, mutane na ƙorafi amma akwai dalili, wanda ya iya juya akwati a kansa zai iya juya mota ko gida.

Mataki na biyar, haske da inuwa

A nan rashin wuta ma taimako yake. Kwan lantarki na silin yana watsa haske ko'ina inuwa ta rikice, abin da kake so haske ɗaya ne daga gefe ɗaya. Da dare kashe komai, kunna tocilan ko fitila mai caji ka ajiye ta gefe, ɗan sama kaɗan, ka sa ƙwai ko lemo a kan farar takarda. Zaka ga wuri mai ƙyalli inda hasken ya buga, sai haske na tsaka-tsaki, sai wani ɗamara mai duhu inda jikin ya juya wa fitilar baya, bayansa kuma sai ɗan haske ya dawo saboda farar takardar na mayar da haske jikin ƙwan, sai inuwar da ya jefa a ƙasa wadda ta fi duhu daidai inda ya taɓa takardar. Wancan ɗan hasken da ya dawo shi ke sa abu ya yi kamar zaka ɗauka, amma kar ka zuzuta shi, bai taɓa kai hasken ɓangaren fitila ba.

Kafin ka fara shedin, wato yin inuwa da fensir, ka ja gidaje biyar a gefen takarda, na farko fari, na ƙarshe iyakar baƙin 6B, na tsakiya uku suna hawa a hankali. Duk inda zaka yi inuwa ka tambayi kanka wane gida ne wannan. Matse ido kamar mai kallon rana, ƙananan abubuwa za su ɓace sai manyan wuraren haske da duhu su rage, su zaka fara sawa. Yawancin sababbi tsoron baƙi suke, zanensu duk ya tafi toka-toka. Kuma dan Allah a rage murza fensir da yatsa, maiƙon hannu na shiga takarda ya bar tabon da kilina ba ta cirewa, balle lokacin zafin nan na watan Afrilu da gumi ke tsiyaya, ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka, idan lallai sai ka murza ka yi da auduga ko tishu.

Mataki na shida, yanzu ne zaka nemi malami

Da gangan na ajiye shi nan. Ka yi wata guda kai kaɗai kana waɗancan abubuwan kafin ka je wajen kowa, saboda malami ba shi da abin gyarawa idan ba ka zo da komai ba, kuma wanda ya ga ka zo da tarin takardu zai ɗauke ka da muhimmanci fiye da wanda ya zo da baki kawai yana cewa Malam ina da sha'awa.

A ina ake samunsu? Malaman zane na sakandare da na kwalejojin ilimi, ɗaliban sashen zane ko na zanen gine-gine da ke neman na kati, masu bautar ƙasa da suka karanci fannin, sai tsofaffin atis masu rubuta allon shago da zanen jikin mota, da yawansu injin buga allon talla ya rage musu kasuwa amma hannunsu na nan, kuma babu wanda ya kai su sanin yadda ake raba fili a daidaita harafi. Kar kuma ka raina na gida. Mai zayyanar allo, mai zanen hula da ke fitar da fasali a kan farin ƙyalle kafin a bai wa masu ɗinki, mai zana aska takwas a gaban babbar riga, magini mai adon bango, waɗannan duk malaman layi ne da daidaito, idan ɓangaren ado kake so wajensu ya fi maka wajen mai digiri.

Idan ka samu wanda kake tunani, ga abin dubawa. Kar ka tsaya a kan ayyukan da ya sa a firem, ka ce Malam ko zan iya ganin littafin da kake gwaji a ciki, a nan zaka ga ko yana gina zane daga tushe ko kwafar hoto kawai yake. Ka ga ya zana wani abu a gabanka, ko kofi ne, cikin minti biyar. Ka nemi ganin aikin ɗalibansa, na farkon zuwansu da na yanzu. Iya zane daban iya koyarwa daban, akwai gwanin da idan ka tambaye shi ya aka yi sai ya ce kawai ka yi ta yi, wannan ka yi sha'awar aikinsa daga nesa amma kar ka ba shi kuɗinka. Sannan ka lura da yadda yake gyara. Malamin kirki zai ɗora wata takarda mai shara-shara a kan zanenka ya nuna maka inda layi ya kamata ya bi, ko ya zana a gefe, ya kuma faɗa maka dalili. Wanda zai karɓe fensir ya gyara maka zanen gaba ɗaya ya miƙo maka, zaka koma gida da kyakkyawan zane wanda ba naka ba, gobe kuma ka maimaita kuskuren.

A yi maganar kuɗi tun ranar farko, kunya ba ta da amfani a nan. Nawa ne, duk zama ko duk wata, wace rana, awa nawa, idan ɗayanku bai samu zuwa ba ya za a yi. Ni na fi son biyan wata-wata a kan biyan wata shida a dunƙule. Idan kuma tsarin zaman shago ne, wato ba ka biya amma kana taya oga aiki, to a fayyace yaushe ne lokacin koyo, don an sha ganin yaro ya shekara yana wanke buroshi da sayo abinci bai taɓa riƙe fensir a gaban ogan ba. Hidima ga malami ba laifi ba ce, tarbiyyarmu ce, amma a ga karatun a ƙasa.

Ga 'yan mata da matan aure, a nemi malama idan da hali, in babu a yi a gida da sanin iyaye ko maigida, ko a haɗu ku biyu ku uku ku ɗauki malami ɗaya, kuɗin ma ya fi sauƙi. Gyara ta WhatsApp ma na aiki sosai idan an iya turawa: ki ɗauki hoton zanen da rana a inuwa, wayar ta fuskanci takardar sak ba a karkace ba, ki haɗa da hoton abin da kika zana daga daidai inda kika zauna, ki tura a matsayin dokumen don kar hoton ya dushe. Malama ta ja layi a kai ta dawo da shi da bayanin murya. Sai dai a kula da masu buɗe aji a intanet da hotunan aikin wasu, kafin a tura ko sisi a ce su yi kiran bidiyo su zana abu ana gani.

Ranar zuwa wajen malami ka tafi da duk aikin satin, har waɗanda kake jin kunyarsu, su ne ma suka fi amfani. Kar ka tambaye shi ya yi kyau, zai ce ya yi kyau don kar ranka ya ɓaci. Ka ce Malam mene ne abu ɗaya da ya fi lalacewa a nan, kuma wane aiki zan yi a satin nan don ya gyaru. Abu ɗaya, ba goma ba. Rubuta abin da ya faɗa a bayan takardar. Idan ya ce gindin tulunka a karkace yake kar ka fara kare kanka da cewa ai haka tulun yake, ɗauki fensir ka auna.

Mataki na bakwai, fita gari

Bayan wata biyu ko uku ɗaki zai ishe ka, kuma dokar nesa da kusa ba ta koyuwa sosai sai a waje. Dokar ita ce duk layukan da ke tafiya tare suna nisa da kai, a ido sai su yi ta matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya, kuma wannan ɗigon yana kan layin da ke daidai tsayin idonka. Masu zanen Italiya ne suka tsara ta da lissafi a birnin Fulorans wajen shekara 600 da suka wuce, amma kai miƙaƙƙen titi ya ishe ka gani, ka tsaya a gefe ka kalli turakun wuta yadda kowane ke gajarta yana matsowa kusa da na gabansa. Abu na farko da zaka sa a takarda shi ne layin idonka. Abin da ke samansa, irin rufin gida, layinsa gangarowa yake, abin da ke ƙasansa, irin bakin kwalta, hawa yake. Ka zauna a ƙasa layin ya sauko, ka hau Dala ya haura tare da kai.

Wurare kam Allah ya hore mana. Marinar Ƙofar Mata ni a wajena babu ajin da ya kai ta, ramukan rini ne zagayayyu a jere, na kusa da kai a buɗe, na nesa suna ƙara matsewa har su kusa zama layi, duk darasin bakin kofi ga shi a fili. Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne, akwai zanko da kaurin bango da bakan gizo na cikin soro, kuma ginin ƙasa na koya maka wani abu da ginin bulo ba ya koyarwa, layinsa ba na rula ba ne, dole ka kalla da gaske. Haka Gidan Ɗan Hausa da adon bangonsa. Lokacin hunturu kuma ka hau Dala ka kalli Goron Dutse cikin hazo, zaka ga abin da ke nesa ba ƙanƙancewa kawai yake ba har dushewa yake, to a zane ma na nesa da HB marar nauyi, 6B na abin da ke gabanka ne. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar lokacin da inuwa ke da tsawo, rana tsaka inuwar na ƙarƙashin abu ba ta nuna komai. Ka yi sallama ka nemi izini kafin ka zauna a wurin sana'ar mutane, ka guji zana wuraren jami'an tsaro, yara kuma za su taru a kanka, wannan ba makawa, ka saba.

Kuma ina ba da shawara a zana namu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama ABU a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su ɗauki dabarar da Turawa ke koya musu amma su haɗa ta da fasahar gida, kuma da wannan suka yi suna. Intanet cike take da masu kwafar fuskar 'yan ƙwallo da 'yan fim, amma masu zana lungun cikin birni da indararo da ƙofar zaure yadda ya kamata ba su da yawa.

Ga wanda ya zaɓi yin fuska da jiki

A taƙaice, awon dai shi ne. Ido a tsakiyar kai yake, tsakanin ƙoƙon kai da haɓa, ba can sama ba inda kowa ke sa shi. Tsakanin ido biyu faɗin ido ɗaya ne. Ƙasan hanci na wajen rabin tsakanin gira da haɓa, kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Tsayin babban mutum wajen kai bakwai da rabi ne. Wannan ma'auni ne na farawa, kowane mutum da inda ya saɓa, kuma a saɓanin kamanni yake. Dabarar raba hoto gida-gida kamar dara a kwafe gida bayan gida tana fitar da kama, masu karɓar aikin zanen fuska na amfani da ita, amma idan ita kaɗai ka iya ranar da aka ce zana abin da ke gabanka ba hoto zaka tsaya cak.

Kwana shidan da kake kai kaɗai

Minti talatin zuwa arba'in kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ka zaɓi lokaci ɗaya, bayan asuba kafin gari ya waye da hayaniya ko bayan isha'i, goma na sakin hannu, sauran na aikin da malam ya bayar. Kwana biyu a sati kuma ka zana abin da ranka ke so ba don kowa ya duba ba, in ba haka ba abin zai koma maka aikin dole ka watsar. Sa kwanan wata a kowace takarda ka adana, duk ƙarshen wata ka sake zana butar nan ta farko ka jera su, ranar da zuciya ta ce ba ka ci gaba wannan jerin ne zai ba ta amsa.

YouTube na da amfani, tashar Proko misali tana da darussa masu kyau na kyauta ko da Turancinka bai yi ƙarfi ba zaka ga hannu, amma ƙa'idar ita ce bidiyo ɗaya, ajiye waya, yi abin da ka gani. Mutum zai iya ƙarar da data ta wata guda yana kallon masu zane yana jin kamar yana koyo. Zanen waya da manhaja irin su ibisPaint, ko Krita a kwamfuta, zai zo daga baya, kuma zai zo da sauƙi idan hannu ya riga ya zauna a takarda.

Zanen da ka gama kana so ka ajiye, musamman na 6B ko gawayi, ka fesa masa man fesa gashi sama-sama daga nesa kaɗan don kar ya goge, ka gwada a wata takarda tukuna saboda wani yana sa ta canja launi bayan lokaci. Sa farar takarda tsakanin kowane biyu, ka zuba a fayil na roba ka ɗora a sama, ba a ƙasa ba ba jikin bango ba, damina na lanƙwasa takarda, gara kuma idan ta samu ci za ta yi, ba ta san zane ba. Idan wata uku suka wuce malam bai ƙara nuna maka wani sabon kuskure ba, ko dai yabo kawai yake, ko ka fara zane sak irin nasa har ba a bambancewa, to ka yi masa godiya da ɗan alheri yadda ya dace, ka ci gaba da gaishe shi, ka nemi wani wanda ya ƙware a ɓangaren da kake da rauni ka kai masa fayil ɗin.